Tsohuwar Mercedes 508 ɗina tana mutuwa a hawan dutse, ga ni a Marrakesh da iyali

Baban Hanifa

Assalamu alaikum jama'a. Ina rubutu ne daga wani fili da masu motocin kwana ke yada zango a gefen Marrakesh. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yara sun yi barci, ni nawa barcin ya ƙi zuwa. Shawara nake nema wurin duk wanda ya san injin dizal na da.

Motar Mercedes ce, 508 D, ƙirar 1979, irin waɗanda aka riƙa ƙerawa a Dusuldof. Asalinta ta 'yan kwana-kwana ce a wani ƙauye na arewacin Jamus. Daga baya wani dattijo ya saye ta ya yi mata ɗaki a ciki: gado biyu, murhu mai kai biyu, tankin ruwa, ɗan banɗaki, da kabad na katako da ya haɗa da hannunsa. Bayan ya rasu na saye ta bara a wurin 'yarsa. Abin da ya ja hankalina shi ne mita ta nuna kilomita 71,000 kacal a sama da shekara arba'in. Matar ba ta ɓoye mini komai ba, ta ce motar ta shekara shida a rumfa ba wanda ya tayar da ita. Na ji maganar, amma ban ba ta nauyin da ya kamata ba.

Aikina tuƙin bas ne a cikin Hamburg, don haka girman mota ba ya ba ni tsoro. Sai dai Hamburg shimfiɗaɗɗen gari ne, babu dutse, kuma bas ɗin da nake ja in ta yi tari ma kamfani ne ke zuwa ya ɗauke ta. Ban taɓa kwance ko noti ɗaya a jikinta ba. Kafin mu taso na sa an canza wa 508 ɗin baƙin mai, filtar mai, filtar dizal, fanbel da batir, ta kuma ci jarrabawar lafiyar mota ta hukuma. Tanki dai ba wanda ya leƙa.

Mun taso ni da uwargida da yara uku, babbar Hanifa shekararta goma sha biyu, autan shekara huɗu. Duk faɗin Jamus da Faransa lafiya lau, tana tafiyarta a 80 zuwa 85, manyan motoci suna wuce mu, ba mu damu ba. Matsala ta fara ne a Sifaniya, a hawan Somosiyera, kafin a gangara Madrid. Ina cikin giya ta uku sai na ji totur ya zama fanko. Na taka har ƙasa, ba ta amsa ba, ta yi shessheƙa sau biyu ta mutu. Allah ya taimaka na samu na jawo ta gefe. Na yi ta ba ta kiki ta ƙi tashi. Muka zauna kamar minti ashirin, na buɗe murfin injin da ke tsakanin kujerun gaba, na kwance ɗan famfon hannun nan da ake jawo dizal da shi na yi ta bugawa har ya yi tauri, sai ta tashi kamar ba abin da ya same ta.

A kusa da Madrid na kai ta wani gareji. Suka canza filtar dizal, wadda ko wata biyu ba ta yi ba, suka karɓi kuɗinsu, suka ce shi ke nan. Muka isa Aljesiras, muka tsallaka da jirgin ruwa zuwa Tanja, muka biyo babbar hanya har Marrakesh, ko sau ɗaya ba ta yi gardama ba. Har na saki jiki.

Jiya muka kama hanyar Warzazat. Uwargida ta daɗe tana son ganin Ait Bin Haddu, tsohon garin ginin ƙasa da ayari ke bi ta wurinsa a da, ta ce hotunansa suna tuna mata da cikin birnin Zariya. Muna wuce Ait Urir, hawa ya fara, sai abin ya dawo. Sau uku a cikin kilomita goma sha biyar. Na ukun a kan kwana ya same mu, dutse a dama, kwazazzabo a hagu, rana tsaka, ga wata tirela ta biyo mu a baya tana hon. Hanifa ce ta sauka ta ɗauko dutse ta sa a bayan taya, don hambirki shi kaɗai ban yarda da shi ba. Da na dubi fuskar uwarsu sai na juya muka dawo.

Ga abin da na lura da shi. A shimfiɗaɗɗiyar hanya ba ta taɓa yi ba, sai a hawa. Duk lokutan huɗu tanki ya yi ƙasa da rabi. Ba ta baƙin hayaƙi kafin ta mutu. Allurar zafi tana hawa kaɗan amma ba ta kai ja ba. Ɗan kofin gilashin da ke ƙarƙashin famfon hannu akwai wani baƙin abu a gindinsa, kamar dusar shayi. Wani bakanike a nan ya saurari injin ya ce babban famfon injekta ne, a cire a kai Kasabalanka. Kuɗin da ya faɗa ya kusa cinye abin da ya rage mana na komawa gida.

Tambayata biyu ce. Me ke damun motar nan? Kuma in an gyara, in sake gwada Tizi n'Tishka, wato mashigin dutsen da ke hanyar Warzazat, da yara a ciki, ko in haƙura? Wurin ya kai mita 2,260, mu kuwa ko rabinsa ba mu kai ba.

Tsohon Bakanike, Ƙofar Ruwa

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya kiyaye gaba.

Kafin komai, kada ka bari kowa ya taɓa maka famfon injekta. Na roƙe ka. Injin da ke cikin motarka OM314 ne, silinda huɗu, lita 3.8, ƙarfin doki 85. Ƙanen injin babbar motar nan Mercedes 911 ne, OM352, an rage masa silinda biyu ne kawai, kuma 911 a hannunta na koyi aiki tun ina yaro mai miƙo sifana. Famfon irin wannan injin in ya lalace ba ya warkewa don an huta minti ashirin. Famfon da ya mutu ya mutu. Motar da ta mutu a hawa, ta huta, aka buga famfon hannu ta tashi ta yi sama da kilomita dubu lafiya, yunwa ce ke kashe ta. Gas, wato dizal, ba ya isa wurinta a lokacin da ta fi buƙatarsa. Rashin baƙin hayaƙin da ka faɗa ma shaida ce. Da iska ce ta yi mata kaɗan, da ka ga hayaƙi ya turnuƙe bayanka.

Yunwar nan hanya biyu take zuwa, ko dai wani abu ya toshe, ko kuma tana shan iska. A mota irin taka sau da yawa duka biyun ne a tare.

Ka ce ta shekara shida a ajiye. Nan ne gizo ke saƙa. Tankin da ba a cike yake ba yana gumi daga ciki, ruwa ya taru a ƙasa, gas a sama. A tsakaninsu akwai wasu ƙwayoyi da ke rayuwa, su ne ke zama baƙin yauƙin nan da ka gani a kofin gilashi, ga kuma tsatsa. A bakin bututun da ke zuƙo gas daga tanki akwai 'yar raga. Kana kan shimfiɗa injin kaɗan yake sha, gas yana ratsawa. Ka kama hawa ka danne totur, zuƙa ta yi ƙarfi, datti ya taru ya liƙe ragar. Da injin ya mutu zuƙa ta tsaya, dattin ya saki ya koma ƙasa. Hutun minti ashirin ɗinka ke nan. Mutanen Madrid sun canza filtar da ke can gaba, alhali toshewar tana baya, gas bai ma kai wurin filtar ba.

Kuma idan raga ta toshe, famfo ba ya daina ja. Duk inda ya samu kafa zai jawo iska, ko ta tsohon tiyo da ya tsage, ko ta washar jan ƙarfe da aka sake ɗaurawa, ko ta robar bakin kofin gilashin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Irin wannan kafar ba ta ɗigar da gas waje, shi ya sa za ka duba ƙarƙashin mota ka ga busasshe ka ce lafiya. Shi kansa famfon hannun, in tsohon yayi ne wanda ake murɗewa a kwance kafin a buga, ya yi suna wajen shan iska idan ya tsufa. Akwai sabon samfuri wanda dannawa kawai ake yi, ba shi da tsada, ka canza shi ko da lafiyarsa ƙalau.

Ga gwajin da zai raba gardama, ba ka buƙatar kowa. Samo jarka mai tsabta, ka zuba sabon gas lita goma. Cire tiyon da ya taho daga tanki a wurin ƙaramin famfo, wanda ke jawo gas daga tanki, ka sa sabon tiyo daga jarkar. Kada ka manta da tiyon da ke mayar da ragowar gas, shi ma ka sa shi cikin jarkar, in ba haka ba cikin ɗan lokaci zai kwashe maka gas ɗin ya zuba a tanki, ka ɗauka wata cutar ce. Ka ɗaure jarkar da kyau. Sai ka cire iska: sassauta notin kan filta, buga famfon hannu har gas ya fito babu kumfa, ka ɗaure, ka yi haka a notin jikin babban famfo. Ka bar iyali a masauki, ka ɗauki mutum ɗaya, ka koma hawan da ta mutu jiya. In ta haye, famfonka da nozul ɗinka lafiyarsu lau, cutar tana tsakanin tanki da ƙaramin famfo.

Abu ɗaya kuma. Ka ce ka yi ta ba ta kiki. Daina. Daƙiƙa goma, ka saki, ka jira. Injin da ba gas a cikinsa ko ka kwana kana murzawa ba zai tashi ba, sai dai ka ƙona kikin ka kashe batir, ka mayar da matsala ɗaya uku.

Direban Tenere, Agadas

Salamu alaikum. Abin da Malam na Kano ya faɗi gaskiya ne, ba ni da gyara. Ƙari ne zan yi.

Irin motarka na san ta tun shekarun 1980, lokacin da Turawa ke biyowa ta Tamanrasset, In Gezzam, Asamaka, Arlit, su shigo Agadas da Peugeot 504 da Mercedes su saida su hau jirgi su koma. Wasu kuma da kampin-kar ɗinsu suke zuwa, mata da ƴaƴa a ciki, kamar kai. Ni ina yaron kamyo, wato babbar mota, a lokacin. Mun sha tsayawa mu taimaki irinsu, kuma mafi yawan pan, wato lalacewar mota, da na gani ba injin ba ne, gazuwal ne, wato dizal. Gargadar hanya ta girgiza tanki, dattin shekaru ya tashi. Kai ma jirgin ruwa da kwane-kwanen dutse sun kaɗa maka naka.

Kafin ka kai ga bido, wato gwajin jarkar nan, gwada wannan, ba ya cin ko dala. In ta sake mutuwa, sauka nan take ka buɗe murfin tanki, kunnenka kusa. In ka ji ya ja iska, fuuu, to ƴar kafar da tanki ke numfashi da ita ta toshe. Gazuwal na fita, iska ba ta shiga, tanki ya riƙe abinsa. Na taɓa ganin zanzaro ya gina ɗakinsa a bakin wannan bututu, motar da ta daɗe a rumfa ba abin mamaki ba ne. Mun kwana biyu a rairayi saboda wannan, muna zargin famfo.

In ya tabbata tanki ne, kada ka yarda a hura iska ta tiyo a ce an gama. Hurawa tana kai ka gari na gaba ne kawai. A sauke shi, a wanke, a shanya, a duba ciki da tocila. Gazuwal ɗin da aka juye kada a mayar sai an tace da ƙyalle mai kauri, in da hali ma a bar shi. Ka sayi filta biyu ko uku ka ajiye, don ragowar dattin cikin bututu zai biyo baya.

Amma ni tambayarka ta biyu ta fi damuna. Kai hawa kake tsoro, ni sauka nake jiye maka. Motar da ta mutu a hawa ta tsaya ne. Wadda birki ya ƙwace mata a gangara ba ta tsayawa. Motarka birkin durom ne gaba da baya, ga nauyin katako da ruwa da mutum biyar. Durom in ya yi zafi buɗewa yake, ka taka ka ji ƙafa tana nitsewa. Man birki kuma yana shan ruwa da daɗewa, in ya yi zafi ya tafasa, feda ta tafi ƙasa babu komai. Ka lissafa abin da ka canza kafin tafiya, ban ga man birki a ciki ba. Yaushe rabon da a canza shi? In ba ka sani ba, to ya wuce lokaci. Bayan shekara biyu ake canzawa.

Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. In lamba biyu ce, lamba biyu, ko na bayanka za su fasa hon. Ka sa giyar tun kana kan tudu, kada ka bari sai mota ta ɗauki gudu ka ce za ka sauya, tana iya ƙin shiga ka tsinci kanka a furi. Birki ka taka da ƙarfi kaɗan ka saki, kada ka ɗora ƙafa ka bar ta. In ka ji ƙauri, tsaya a wuri mai faɗi ka ba shi rabin awa. Kuma ka sassaƙa waigi biyu na icce, yarinya ba za ta riƙa neman dutse a bakin kwazazzabo ba.

Can sama kuma iska ba ta da kauri, injin da ba shi da turbo yana rasa kamar kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita dubu. In ka ga ta yi sanyin jiki tana ɗan hayaƙi kusa da ƙoli, wannan ba ciwo ba ne. Ka taso da asuba tun da sanyi, tanki cike, tankin ruwan wanka rabi.

Ɗan Autan Gareji

Yallaɓai, ni a ganina a sauƙaƙa. Ka sayi ƙaramin famfon lantarki ka ɗaura kusa da tanki, ya riƙa turo mai. Na yi wa wata tsohuwar bas haka, ba ta sake shan iska ba. Aikin awa ɗaya ne. In kun koma Jamus kuma gaskiya ka sayar da ita ka nemi ta zamani. Mota mai shekara sama da arba'in ba ta tafiyar ƙasa da ƙasa da yara ba ce.

Tsohon Bakanike, Ƙofar Ruwa

Ɗan Auta, famfon lantarki yana da ranarsa, ban hana ba. Amma a nan zai ja ne ta ragar da ta riga ta toshe, bai cire ko cokali ɗaya na datti ba. Tiyon da ke shan iska kuma in ka matsa masa daga baya zai koma fesar da gas a kusa da injin mai zafi. Sannan ka tuna injin nan in ya tashi ba ya buƙatar wuta ko kaɗan, ko batir ya mutu zai ci gaba da tafiya. Ka ɗaura masa abin lantarki, ka ƙara masa hanyar mutuwa wadda da ba shi da ita.

Maganar sayarwa, wannan tsakaninsa ne da aljihunsa da iyalinsa. Abin da na sani shi ne duk abin da muke lissafawa a nan da sifana da sukudireba ake yin sa a gefen hanya. Ta zamani in ta tsaya a dutsen nan, janwe ne da kwamfuta.

Maman Ilham, Liyon

Baban Hanifa, sannunku. Ka gaishe mini da Maman Hanifa, ka ce mata na san abin da ta ji a kwanan nan, don na taɓa zama a kujerarta.

Ni ban san injin ba, taya na sani, kuma da tsada na koya. Muna da tsohuwar Peugeot J5 mai ɗaki, shekara uku da suka wuce muna kan babbar hanya za mu kudu, tayar baya ta fashe. Zanenta ko rabi bai cinye ba, kowa ya gani zai ce sabuwa ce. Ashe ta shekara goma sha huɗu. Da ta tarwatse, robar ta daki ƙasan ɗakin ta fasa katako, ta tsinke bututun ruwa, saura kaɗan ta kai ga bututun gas ɗin girki. Tun ranar ba ma motsawa sai maigida ya rufe tukunyar gas daga kanta.

Don Allah gobe da safe ka duba gefen kowace taya. Akwai inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2315, mako na 23 ke nan na 2015. In lamba uku ka gani, an yi ta kafin 2000, wannan ko a safaya kada ka yarda da ita. Motarka taya bibbiyu ce a baya, ka shiga ƙarƙashi da fitila ka duba na ciki, su ake mantawa. Motar da ta yi kilomita kaɗan a shekaru masu yawa tayarta ba ta cinyewa, bushewa take, ga kuma zafin kwaltar Maroko a wannan watan.

Sai maganar yara. Ranar da abin ya same mu, kuskuren da muka fara yi shi ne zama a ciki, saboda ɗaki ne, akwai inuwa da ruwa, mutum sai ya ji kamar yana gida. Ma'aikacin hanya da ya iso bai ko gaishe mu ba sai da ya fitar da mu ta ƙofar da ba ta kallon titi, ya tsallakar da mu bayan shingen ƙarfe. Yanzu kowa a gidanmu yana da rigarsa mai ƙyalli a ƙarƙashin kujerarsa, har ƙaramar, kuma akwai jaka ɗaya a bakin ƙofa da ruwa, dabino, hula, magani da fasfo. In an tsaya ita ake fara ɗauka. Alamar nan mai kusurwa uku kuma a kan kwana ka kai ta can bayan kwanar, inda mai tahowa zai gan ta kafin ya gan ku.

Da yake za ku koma ta Faransa, ka sani a manyan hanyoyin da ake biyan kuɗi ba ka da ikon kiran janwen da ka ga dama. Ta wayar gaggawa mai ruwan lemo da ke gefen hanya ake kira, ko 112, su turo wanda aka amince da shi. Ka kuma karanta takardar inshorarka yau, ka ga ko ta ƙunshi Maroko, da iya nauyin motar da suka yarda su ja, don taka ta fi tamu nauyi sosai.

Batun hawa dutse kuwa, ka tambayi Maman Hanifa tsakani da Allah, ba a gaban yara ba. In zuciyarta ba ta kwanta ba, akwai motocin haya daga Marrakesh zuwa Warzazat kullum. Ku bar motar ta huta ku je ku ga garin ku dawo.

Baban Hanifa

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Kwana huɗu ke nan, ga yadda aka yi.

Baba na Agadas, na fara da murfin tanki. Bai ja iska ba, kafar a buɗe take. Sai na yi gwajin jarka kamar yadda Baba na Ƙofar Ruwa ya tsara. Wani Bafaranshe mai makwabtaka da mu a filin ya raka ni, shi ya riƙe jarkar tsakanin ƙafafunsa duk da mun ɗaure ta. Muka wuce Ait Urir, muka wuce wurin farko, na biyu, har kwanar da ta tsaya da mu. Ta haye a giya ta uku ko tari babu. Sai da na tsaya a gaba na kifa kaina a sitiyari na yi hamdala.

Na samu wani gareji na masu gyaran manyan motoci a unguwar masana'antu, muka sauke tanki. Abin da ya fito ya kusa cika kwanon sha: baƙin yauƙi, garin tsatsa, da ruwa fiye da kofi biyu. Ragar ba a ganin ƙarfenta sam. Tiyon da ke saman tanki, inda hannu ba ya kaiwa sai an sauke, da na lanƙwasa shi sai ga tsaga ta buɗe baki, amma a miƙe ba ka ganin komai. Mun canza tiyo gaba ɗaya daga tanki har injin, da washa, da robar kofin gilashi, da famfon hannu. Na sa ɗan guntun tiyo mai haske kafin ƙaramin famfo don in riƙa ganin ko akwai kumfa. Duka aikin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka nema a kan famfon injekta ba.

Man birki da aka zuƙo baƙi ne kamar shayin da ya kwana. An canza, an cire iska, an ɗaure lainin birkin baya. Maman Ilham, kin yi gaskiya. Tayoyin gaba da na waje na 2019 ne, amma na ciki biyu 2006, safaya kuma lamba uku ce. Na sayi uku, kuɗin da na tsira da shi daga famfo a nan ya tafi, kuma ban yi baƙin ciki ba. Kafinta ya yanka mini waigi biyu.

Na yi magana da uwargida bayan yara sun kwanta. Ta ce a motarmu take so ta je, da sharaɗin mu tashi bayan sallar asuba, kuma in ta ce a tsaya a tsaya. Jiya muka hau. Mun sha shayi a Taddart injin ya huce, muka ƙarasa ƙoli a giya ta biyu, muka sauka a giya ta biyu, na tsaya sau biyu na kai hannu kusa da durom in ji zafinsa. Yanzu haka daga Warzazat nake rubutu, gobe in sha Allahu Ait Bin Haddu.

Sai dai ga wata sabuwa, Baba na Ƙofar Ruwa. Da muka tsaya a ƙoli na ga ɗigon ruwa a ƙarƙashin gaban injin. Na bi shi da tocila, daga wata 'yar kafa yake fitowa a ƙasan famfon ruwa, bayan fulin fanka. Daga jiya zuwa yau lagireto ya sha kamar rabin lita. Na kama fankar na girgiza, akwai ɗan motsi amma ba yawa, kuma ba ta ƙara. Zai kai ni Marrakesh in ina ƙara ruwa, ko in nemi famfon a nan kafin in sake fuskantar dutsen?

Tsohon Bakanike, Ƙofar Ruwa

Alhamdu lillahi, barka da isa. Wannan kafar don haka aka yi ta, tana gaya maka sil ɗin ciki, wanda ke tsare ruwa, ya fara saki. Ɗigo kaɗai da sai in ce lallaɓa. Amma tunda fanka tana motsi, boris ya fara tafiya, in ya ƙarasa kuwa fankar tana iya cin lagireto. Kada ka hau da shi. Ka kwance tsohon ka riƙe a hannu ka shiga wurin masu kayan manyan motoci, ka ce na OM314, ka gwada ramukan noti da tsawon ƙarfen kafin ka biya. In babu a Warzazat, a sa a motar haya daga Marrakesh, kwana ɗaya ne. Ka haɗa da gaskit ɗinsa, kuma tunda ruwa zai zube, ka matsa tiyon lagireto na sama da na ƙasa ka ji, in sun yi laushi ko sun kumbura a canza su a zama ɗaya. Ka turo mini hoton fulin kafin ka kwance.